Wa Zai Tsawata wa Mai Riƙe da Makullin Rumbu? Darasi daga Tarihin Kwaminisanci



A nazarin Littafi Mai Tsarki da muka yi a kan Ayyukan Manzanni sura 2 da sura 4, wani ɗan'uwa ya yi tambayar da ta sa ɗakin ya yi tsit. Ya ce tun da masu bi na farko suna sayar da gonakinsu su kawo kuɗin a raba wa mabukata, ashe su ma ba 'yan kwaminisanci ba ne? In kuwa haka ne, me ya hana mu koyar da wannan tsari, alhali ga mu da takardun makaranta a akwati babu aiki, wasu 'yan tsiraru kuma suna ta gina gidajen da ba mai kwana a ciki? Wasu sun yi dariya. Mu dai mun ga tambaya ce ta gaske, ta fito daga zuciyar da talauci ya taɓa, don haka muka yi alkawarin amsa ta a rubuce. Amsar tana bukatar mu koma tarihi, gama an gwada wannan tsari a ƙasashe da dama har shekaru fiye da 70, kuma mutane sun biya kuɗin gwajin da rayukansu.

Inda abin ya samo asali

An haifi Karl Marx a garin Trier na ƙasar Jamus a 1818. Iyayensa Yahudawa ne, amma mahaifinsa ya shiga ikkilisiyar Lutheran, shi ma Karl aka yi masa baftisma yana yaro. Amininsa Friedrich Engels, wanda aka haifa a 1820, ya tashi a gidan masu ibada ƙwarai, kuma ɗan mai masaƙa ne. A 1842 mahaifinsa ya tura shi birnin Mancesta na Ingila ya yi aiki a kamfanin zare da yake da hannun jari a ciki.

Abin da Engels ya gani a can ya isa ya tayar wa kowa hankali. Mutane sun baro ƙauyuka sun cika birni, iyali guda a ɗaki ɗaya mai danshi, ga kwata a bakin ƙofa. Ana aiki sa'a 12 ko fiye a yini. A 1833 majalisar Ingila ta hana ɗaukar yaran da ba su kai shekara 9 ba aiki a masaƙu, sai a 1842 kuma ta hana tura mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 cikin ramin haƙar kwal. Wannan ya nuna mana irin abin da ake yi kafin dokar. Wani mai bi, Lord Shaftesbury, yana cikin waɗanda suka yi ta faman ganin an kafa irin waɗannan dokoki. Amma masu masana'antu da yawa suna zaune a kujerun gaba a majami'a ranar Lahadi, lamirinsu bai dame su ba.

A 1848 Marx da Engels suka fitar da ƙaramar takardar sanarwar manufofin kwaminisanci. A 1849 Marx ya koma Landan da zama, inda ya yi fama da talauci har 'ya'yansa huɗu cikin bakwai suka mutu tun suna ƙanana. A 1867 ya fitar da kashi na farko na babban littafinsa, Das Kapital. Ya mutu a 1883, bai ga ko ƙasa ɗaya da ta bi tsarinsa ba.

Abin da Marx ya koyar

Za mu iya tattara koyarwarsa a kan abubuwa biyar.

Na farko, ya ce tarihin ɗan Adam kokawa ce tsakanin masu abu da marasa abu: bawa da ubangijinsa, manomi da mai ƙasa, ɗan ƙwadago da mai masana'anta.

Na biyu, ya ce ribar mai jari gumin ma'aikaci ce da ba a biya ba. A ce mutum ya yini a masaƙa, ya saƙa yadin da bayan an cire kuɗin auduga da na inji darajarsa ta kai naira 10,000, aka biya shi 3,000. Ragowar 7,000 ta shiga aljihun mai masaƙa. A ganin Marx wannan ƙwace ne, ko da doka ta halatta shi.

Na uku, ya ce maganin abin shi ne a hana ɗaiɗaikun mutane mallakar hanyoyin samar da dukiya, wato ƙasar noma, masana'antu, ma'adinai, bankuna da jiragen ƙasa. Ba rigarka ko tukunyarka yake nufi ba. Duk abin da ake sa wasu aiki da shi don a sami riba, ya zama na kowa da kowa.

Na huɗu, ya ce masu dukiya ba za su saki da lalama ba, sai an yi juyin juya hali. Bayan haka ma'aikata za su riƙe mulki su kaɗai na wani lokaci har a murƙushe tsoffin masu iko. In an gama, babu sauran aji sama da wani, gwamnati ma ba ta da sauran amfani, za ta bushe da kanta. Kowa zai yi aiki gwargwadon ƙarfinsa, ya ɗiba gwargwadon bukatarsa.

Na biyar, ya ce babu Allah. Ya kwatanta addini da ƙwayar kashe zafi: talaka yana shan ta don ya manta da ciwonsa, ciwon kuwa yana nan. In an kawar da zalunci, addini zai ɓace.

Dole mu yarda cewa kukan da Marx ya yi a kan zalunci yana da gaskiya a ciki. Annabi Amos ya riga shi tsawata wa masu tattake matalauta, Yakubu kuma a sura 5 ta wasiƙarsa ya gargaɗi attajiran da suke danne ladan masu yi musu girbi. Matsalar tana mataki na huɗu. In an tattara ƙasa, masana'antu, jaridu, kotuna da bindigogi a hannu ɗaya, wa zai riƙe su? In mai riƙon ya ƙi sakewa, wa zai tsawata masa?

Tun Marx yana da rai aka yi masa wannan tambaya. Wani ɗan juyin juya hali na Rasha, Mikhail Bakunin, wanda shi ma bai yarda da Allah ba, ya yi gardama da shi a kai. Ya ce ma'aikacin da ya hau kujerar mulki ya daina zama ma'aikaci, zai riƙa kallon tsoffin abokansa daga sama, kuma mulkin da aka ce na ɗan lokaci ne ba abin da zai sa a gaba sai ya dawwama. A 1872 aka kori Bakunin daga ƙungiyar ma'aikata ta duniya. Tarihi ya zo ya gaskata shi.

Rasha: yadda ƙofofi suka rufe ɗaya bayan ɗaya

Rasha ta farkon ƙarni na 20 ƙasa ce ta manoma matalauta a ƙarƙashin sarki mai cikakken iko. Ikkilisiyar Orthodox kuwa tun 1721 tana ƙarƙashin kulawar jami'in gwamnati. A Janairun 1905 dubban ma'aikata, wani firist yana gaba, suka nufi fadar sarki a birnin St. Petersburg ɗauke da hotunan tsarkaka da takardar koke. Sojoji suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Talakawa da yawa sun yanke ƙauna daga sarki tun daga ranar, wasu har da ikkilisiyar da suke ganin tana bayansa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara jefa ƙasar cikin yunwa. A farkon 1917 Sarki Nicholas na Biyu ya sauka daga gadon sarauta. A ƙarshen shekarar 'yan Bolshebik a ƙarƙashin Vladimir Lenin suka ƙwace mulki da alkawari uku: zaman lafiya, gona da abinci. Ku lura da abin da ya biyo baya.

A Nuwamban 1917 aka yi zaɓen majalisar tsara mulki. 'Yan Bolshebik suka sami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u. Majalisar ta yi zama ɗaya tak a Janairun 1918, washegari 'yan bindiga suka rufe zauren. A Disamban 1917 an riga an kafa 'yan sandan ciki da ake kira Cheka, waɗanda ba da daɗewa ba aka ba su ikon kamawa da harbewa ba tare da shari'a ba. Aka rufe jaridun 'yan hamayya, aka haramta sauran jam'iyyu ɗaya bayan ɗaya. A Maris 1921 sojojin ruwa na Kronstadt, waɗanda suka taimaka wa Lenin hawa mulki, suka nemi zaɓe na gaskiya da 'yancin magana ga ma'aikata, aka murƙushe su da igwa. A wannan watan kuma jam'iyyar ta hana kafa ɓangarori ko a cikinta. Kowane mataki an ba shi dalili: ana yaƙin basasa, maƙiya sun kewaye mu, na ɗan lokaci ne. Yaƙin ya ƙare, ba a sake buɗe ko ƙofa ɗaya ba.

A 1922 aka naɗa Joseph Stalin babban sakataren jam'iyya. Abin mamaki, a makarantar horar da firistoci ta birnin Tiflis ya yi karatu kafin ya bar bangaskiya. Kujerar sakatare ba ta da kwarjini a lokacin, amma shi ke naɗa jami'ai a kowane lardi, ya kuwa cika ko'ina da mutanensa. Lenin yana kwance ba lafiya ya farga, ya bar wasiyya cewa iko ya yi wa Stalin yawa, a cire shi. Lenin ya mutu a Janairun 1924, shugabannin jam'iyya suka ƙi bayyana wasiyyar ga jama'a. Tsarin da Lenin ya gina don kada kowa ya iya taka masa birki, shi ne ya hana a taka wa magajinsa.

Gona, yunwa da tsoro

Daga 1929 Stalin ya tilasta wa manoma haɗa gonakinsu da dabbobinsu a gandun gwamnati. Manomin da ya ɗan fi maƙwabtansa, ko da saniya biyu ce da injin niƙa, ana iya laƙaba masa sunan kulak, wato mai tsotsar jinin jama'a. A 1930 da 1931 kaɗai an kwashe mutum kusan miliyan 1.8 zuwa Saberiya da wasu wurare masu nisa. Manoma da yawa suka gwammace su yanka dabbobinsu da su miƙa su. Noma ya faɗi, gwamnati kuwa ba ta daina kwasar hatsi don ciyar da birane da sayarwa ƙasashen waje ba.

A ranar 7 ga Agusta 1932 aka kafa dokar da ta yanke hukuncin kisa, ko ɗaurin shekara 10, ga duk wanda ya taɓa kayan gandun gwamnati. Da wannan doka aka ɗaure mutanen da ba su yi komai ba sai kalar zangarniya bayan girbi. Mu tuna da Littafin Firistoci sura 19, inda Allah ya umarci mai gona ya bar gefen gona da kala domin matalauci da baƙo. Da kala Rut ta ciyar da kanta da surukarta a gonar Bo'aza. A ƙasar da aka kafa da sunan talaka, abin da Rut ta yi ya zama laifin ɗauri. A Janairun 1933 aka hana manoman Yukiren fita neman abinci. Yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe fiye da mutum miliyan 3 a Yukiren, a Kazakistan kuma yunwar waɗannan shekaru ta kashe fiye da miliyan ɗaya. Gwamnati ta ce babu yunwa.

Daga nan wuƙar ta juya kan 'yan gida. A 1937 da 1938, bisa takardun 'yan sandan ciki da kansu, an harbe mutum kusan 680,000. Cikin mutum 139 da aka zaɓa a kwamitin tsakiya na jam'iyya a 1934, an kama 98 an harbe. Nikita Khrushchev, magajin Stalin, shi ya faɗi wannan adadi a gaban taron jam'iyya a 1956. An bi Leon Trotsky, wanda ya kafa rundunar sojan juyin, har Meziko aka kashe shi a 1940. Shugabannin 'yan sandan ciki uku a jere, Yagoda, Yezhov da Beria, kowannensu harbe shi aka yi. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Daga 1930 zuwa mutuwar Stalin a 1953, kimanin mutum miliyan 18 ne suka ratsa sansanonin gwale-gwale da ake kira Gulag.

Abin da ya sami ikkilisiya

Gwamnatin da take son ta mallaki komai ba ta jure wa mutanen da suke da wani Ubangiji sama da ita. A 1922 aka harbe Veniamin, babban bishop na Petrograd. A 1929 aka kafa dokar da ta hana ikkilisiyoyi taron yara, taron matasa, taron mata, ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da taimakon mabukata. Zumunta irin tamu, da wannan rubutu da kuke karantawa, da sun zama laifi. A shekarar kuma aka sauya tsarin mako don kada Lahadi ta zama ranar hutun kowa, sai a 1940 aka dawo da mako mai kwana bakwai. A ranar 5 ga Disamba 1931 aka tarwatsa babbar majami'ar Almasihu Mai Ceto ta Mosko da nakiya, daga baya aka mai da wurin tafkin iyo. An kashe dubban firistoci da fastoci.

Duk da haka, da aka yi ƙidayar jama'a a 1937 aka tambayi manya ko sun gaskata da Allah, fiye da rabi suka ce sun gaskata. Gwamnati ta soke sakamakon ƙidayar, ta kama shugabannin aikin.

Habasha: labarin da ya fi kusa da mu

A nahiyarmu ma an gwada. A Habasha, talakawan kudu da yawa 'yan haya ne a gonakin masu sarauta, Ikkilisiyar Orthodox kuma tana cikin manyan masu ƙasa. Yunwa ta kashe dubban mutane a lardin Wollo a 1973, hukuma ta yi ta ɓoyewa. A ranar 12 ga Satumba 1974 kwamitin sojoji da ake kira Derg ya tuɓe Sarki Haile Selassie. A Maris 1975 aka mai da duk ƙasar noma ta gwamnati, aka soke haya, manoma suka yi murna, kuma suna da dalilin murna. Amma tun a Nuwamban 1974 Derg ya harbe mutum 60, yawancinsu manyan tsohuwar gwamnati, a dare ɗaya ba shari'a. A 1977 Mengistu Haile Mariam ya kawar da abokan mulkinsa ya zama shi kaɗai. A kisan da ya biyo baya an hallaka dubun dubatar mutane, akasarinsu ɗalibai da matasa, da yawa ma 'yan gurguzu ne na wasu ɓangarori.

An kama Abuna Theophilos, shugaban Ikkilisiyar Orthodox, a 1976, aka kashe shi a 1979. An rufe majami'u masu yawa na Kale Heywet, ikkilisiyar da ta fito daga aikin mishan na SIM kamar yadda ECWA ta fito a ƙasarmu. Fasto Gudina Tumsa, babban sakataren ikkilisiyar Mekane Yesus ta Lutheran, mutum ne da ya daɗe yana magana a kan haƙƙin talakawa, amma ya ƙi yarda a mai da ikkilisiya kakakin gwamnati. An kama shi sau biyu aka sake shi. An buɗe masa hanyar fita zuwa Tanzaniya, ya ce ba zai bar garkensa ba. A ranar 28 ga Yuli 1979 aka sace shi a Adis Ababa aka kashe shi. Matarsa ta yi kusan shekara 10 a kurkuku. Ikkilisiyar Meserete Kristos, da aka rufe a 1982 tana da mutum kimanin 5,000, ta koma taruwa a gidaje a ɓoye. Da Mengistu ya gudu zuwa Zimbabuwe a 1991, ta fito da fiye da mutum 30,000.

Me ya sa abin ya maimaita kansa?

In a ƙasa ɗaya ya faru, sai mu ce halin mutum ɗaya ne. Amma ya faru a Rasha, ya faru a Habasha, ya faru a ƙasar Sin, ya faru a Kambodiya, inda tsakanin 1975 da 1979 mulkin Pol Pot ya ci rayukan mutum miliyan 1.5 zuwa 2 cikin kusan miliyan 8. Muna ganin dalilai huɗu.

Na ɗaya, in gwamnati ce kaɗai mai ba da aiki, gida da abinci, wanda ya saɓa mata ba shi da wurin zuwa. Mai makullin rumbu ba ya bukatar bulala.

Na biyu, in an hana faɗin gaskiya, shugaba kansa yakan makance. A ƙasar Sin, lokacin shirin Mao Zedong na 1958, jami'ai suna tsoron kai rahoton gazawa, sai suka riƙa ƙara yawan amfanin gona a takarda, gwamnati kuma ta kwashi hatsi bisa lissafin ƙarya. A 1959 ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa ya faɗi abin da ya gani, aka tuɓe shi. Bayan haka wa zai sake buɗe baki? Mafi ƙarancin ƙiyasi ya ce yunwar ta kashe mutum miliyan 15, wasu masana sun kai adadin fiye da miliyan 30.

Na uku, wanda ya tabbata cewa aljannar duniya yake ginawa yakan ga kowane kisa a matsayin kuɗin hanya. Mutum ya daina zama wanda aka halitta cikin siffar Allah, ya zama ɗan wani aji da za a share.

Na huɗu shi ne tushen sauran. Marx ya ɗauka mugunta tana cikin mallakar dukiya, in an cire ta mutum zai gyaru. Maganar Allah ta koya mana cewa cutar tana cikin zuciya, kamar yadda Irmiya sura 17 ta nuna. Kayinu ya kashe Habila tun babu masana'anta ko banki. An raba mutum da kwaɗayin kuɗi, ya koma kwaɗayin muƙami, sai ga sabon ajin manyan jam'iyya da kantunansu da asibitocinsu na musamman.

Kada mu yi rashin adalci. Tarayyar Sobiyet ta yaƙi jahilci, ta gina masana'antu, ta rasa mutum kusan miliyan 27 wajen karya Hitler, ta harba tauraron ɗan Adam na farko a 1957. 'Yan Afirka da yawa sun yi karatun likita da injiniya a can kyauta, kuma injiniyoyinta ne suka yi aikin kamfanin ƙarafa na Ajaokuta. Mutane masu zuciyar kirki da yawa sun shiga kwaminisanci don tausayin talaka. Haka kuma giyar mulki ba ta san aƙida ba. Cinikin bayi, da ta'asar da aka yi a Kwango a ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, neman riba ne ya haife su. Ikkilisiya ma da ta riƙe takobi ta zubar da jini. Maganar nan da ta shahara ta Lord Acton a 1887, cewa iko yana lalata mai shi, cikakken iko kuma ya fi lalatawa, a kan shugabannin ikkilisiya na dā da sarakuna ya yi ta.

Ƙarshen labarin ma akwai darasi. Tun 1982 ake taron addu'ar salama kowace Litinin a majami'ar Nikolai ta birnin Leipzig a Jamus ta Gabas. A ranar 9 ga Oktoba 1989 mutum kimanin 70,000 suka fito kan titi da kyandirori bayan addu'a, jami'an tsaro ba su yi harbi ba. Bayan wata ɗaya katangar Balin ta faɗi. A Disamban 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje.

Amsa ga ɗan'uwanmu

Yanzu mu koma ga tambayar. Masu bi na farko sun raba kayansu, gaskiya ne. Amma a sura 5 Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin ma suna hannunsa bayan ya sayar. Laifinsa ƙarya ce. Babu wanda ya zo ƙofarsa da takobi. Ruhu Mai Tsarki ne ya buɗe zukata, hannuwa suka buɗe. A sura 6 kuma, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci, manzanni ba su kira masu ƙorafin maƙiyan ikkilisiya ba. Sun tara jama'a, suka ce su zaɓi mutum bakwai, suka miƙa musu aikin. Ko a ikkilisiyar manzanni rabo ya sami matsala, aka gyara ta da sauraron kuka da raba iko.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa amince wa mutum da iko marar iyaka ba. Maimaitawar Shari'a sura 17 ta hana sarki tara dawakai, mata da zinariya, ta kuma sa shi ƙarƙashin Shari'a. Sama'ila ya gargaɗi Isra'ila cewa sarki zai kwashe 'ya'yansu da gonakinsu. Natan ya tsaya a gaban Dawuda, Iliya ya tsaya a gaban Ahab saboda gonar Nabot. A 2 Korintiyawa sura 8, Bulus bai ɗauki gudummawar ikkilisiyoyi shi kaɗai ba, ya tafi da 'yan'uwan da ikkilisiyoyin suka zaɓa, don kada a sami abin zargi.

Saboda haka mu fara daga gida. Mutum biyu su ƙirga baikon zumunta, a rubuta, a karanta rahoton kuɗi a gaban kowa. Shugaban da wa'adinsa ya cika ya sauka, ko da ana sonsa. Mai tambayar inda kuɗi suka shiga kada a ce masa ɗan tawaye ne, ko da fasto ya tambaya, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In ɗan siyasa, ko mai kaki, ko mai wa'azi ya ce mu ba shi dukan iko shi kaɗai zai share mana hawaye, mu tambaye shi wa zai tsawata masa in ya kauce, kuma ta wace hanya za a sauke shi. Kada mu yarda a ce mana wata ƙabila ko wani addini ko wani aji ne dukan matsalarmu, gama da irin wannan magana ake fara cika kaburbura.

Kada kuma mu karanta wannan tarihi mu naɗe hannu. Inda ikkilisiya ta kau da kai daga mayunwata ta zauna a inuwar masu mulki, a can kwaminisanci ya sami ƙofa. A cikinmu akwai wanda bai biya kuɗin makaranta ba, akwai gwauruwar da gonarta take jiran gayya, akwai mai neman jarin fara sana'a. Wanda yake da ma'aikaci ko 'yar aiki a gida ya biya ta haƙƙinta a kan lokaci. In mun yi haka da yardar rai, mun amsa tambayar ɗan'uwanmu fiye da yadda wannan rubutu zai iya.

Karatun wannan mako: 1 Sama'ila 8, 1 Sarakuna 21, Markus 10:35-45, Ayyukan Manzanni 4:32 zuwa 6:7.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu zuciyar da take jin kukan matalauci. Ka tsare mu daga son iko, ka ba mu tawali'un karɓar gyara in an ba mu shugabanci, da ƙarfin halin faɗin gaskiya in muna ƙarƙashin wani. Ka ƙarfafa 'yan'uwanmu da suke shan tsanani a yau saboda sunanka. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.